Abin da Surukata Ta Gaya wa Akuya

Na yi shekara ashirin da huɗu ina auren 'yarta ban taɓa duban fuskar surukata ba. Ƙafafunta kuwa na san su ciki da bai. Da za a tara matan Kalgo kaf a lulluɓe su, a bar ƙafafu kaɗai a waje, da na fitar da ita tun ba a gama jera su ba: gajerun ƙafafu masu kaushi, babban yatsan hagu ya ɗan karkace, ga wani tsohon tabo a idon sawu. Haka aka tarbiyyantar da mu. In ka hango uwar matarka, takalmi ya koma hannu, gwiwa ta kai ƙasa, ido ya tsaya inda gwiwa take. Ba ka ci a gabanta, ba ka sha, ba ka dariya. In hanya ta haɗa ku kuma akwai lungu kusa, to lungun nan naka ne.

Al'adar ba ta taɓa damuna ba, don tana Kalgo ina Gwandu, tafiyar kwana biyu da jaki. Sau biyu a shekara nakan je in durƙusa, in ajiye goro da zane, in gaida ƙafafun nan, in tashi. Abin da na sani game da ita bayan ƙafafu shi ne muryarta, kuma ba ni kaɗai na san ta ba, rabin Kalgo ya san ta. Mijinta masunci ne, mutumin kirki mai shiru-shiru, wanda ya fi son zama cikin kwalekwale a kan zama gida. A lokacin na ɗauka son sana'a ne.

Ni masaƙi ne, ɗan masaƙi. Gurbina a rumfar masaƙa ta unguwarmu shi ne wanda mahaifina ya zauna har ya tsufa, kuma aikin da aka san gidanmu da shi shi ne saƙi, wato baƙin yadin nan mai ƙananan ɗigo irin na zabo, wanda ake yi wa manya riga da shi. Ba a saƙa shi sai da arafiya, zaren da ya fi kowane siranta. Bayan zuwan Nasara da 'yan shekaru akoko, farin yadin Turawa, ya fara shigowa daga kasuwar Jega, masu saƙa fari suka shiga kuka. Ni ko a jikina, don akoko ba ya zama rigar saƙi. Ina da girman kai a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na tabbata na ɓata wa mutane da yawa rai da shi.

To ina kusan arba'in da biyar sai jiki ya fara karɓar kayansa ɗaya bayan ɗaya. Gwiwa ta fara ƙara in na miƙe. Haƙorin turmi guda ya fita cikin ƙashin kaza. Waɗannan duk na yafe. Wanda ya tsorata ni shi ne ido. Nesa ina gani lafiya lau, zan gane jakin maƙwabcina tun daga ƙofar gari, amma abin da ke gaban hancina sai ya zama hazo-hazo. Zare ya tsinke, in neme shi in rasa. Na zagi masu kaɗi na ce sun lalace. Na zagi marina. Na ja masaƙata zuwa bakin rumfa na ce zafi ke damuna, alhali haske nake nema. Kullum da la'asar in koma gida kaina kamar zai rabe.

Ban gaya wa kowa ba, har matata. Na san in maɗinka suka ji idona ya tafi, ba mai sake kawo mini aiki. Gona ba ni da ta kirki, ɗana ya bi fatake, 'ya'yana mata biyu suna ɗakunan mazajensu. Kuma na ga yadda masaƙin da ido ya bari yake ƙarewa: a gefen rumfa, yana naɗe wa waɗanda ya koya wa aiki zare, ana jefa masa goro don tausayi. Duk lokacin da na tuna da wannan sai abinci ya fita raina.

Ana cikin haka surukina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Damina ta zo, ruwa ya kwantar da ɗakin tsohuwar, sai aka aiko cewa za ta zo ta zauna wurinmu har ɗanta ya ɗaga mata wani. Ɗakin da mutum huɗu za su gama a kwana goma, sai da ya ci shekara biyu da rabi. Ban taɓa ganin laifin ɗan nata ba. Da ni ne shi, da har yau ana neman ciyawar jinka.

Ta iso a kan jaki, da taskirar kaɗinta, da wata jar akuya wadda igiyarta ke naɗe a hannunta. Igiyar nan ba ta barin hannun. In za ta madafa da akuya, in za ta kewaya da akuya, akuya gaba ita baya, suna tafiya a hankali. Na ce a raina, wato tsohuwar nan ta ɗauke ni ɓarawon akuya.

Gidana ɗaki biyu ne da zaure, tsakar gidan kuwa ba ta da inda mutum zai ɓuya. Sai na zama baƙo. A zaure nake cin tuwo, da sauri, ina fuskantar bango. Takalmana suka daina tsufa, don sun fi daɗewa a hannu a kan ƙafa. In na shigo na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa mini kai tsaye, tunda ita ma kunya ta hana ta magana da mijin 'yarta. Sai ta samo dabara: duk abin da take so in ji, akuya take gaya wa.

"Ke akuya, kin ji mai gidan ga ya shigo? Shina jan ƙahwa kamar wanda anka kora daga kasuwa. Ki tambaye shi, rijiyag gidan ga rantsuwa anka yi ba a yashe ta?"

Ni kuma in ce, "To, Inna," ina kallon ƙasa. Akuya tana tuƙa abinta.

Tun kwananta na uku ta kafa doka cewa kada a gusar da komai daga inda yake. Randa, murhu, kujera, itace, kowa ya tsaya wurinsa. Wata safiya na ga turmi a tsakiyar rana, na ce bari in yi abin kirki, na mirgina shi zuwa inuwa kusa da ƙofar ɗakinta. Ban kai zaure ba na ji ƙara, sannan na ji salati, sannan na ji tarihin dangina. Ta gaya wa akuya abubuwa a kan kakana waɗanda ni kaina ban sani ba. Da na samu matata ita kaɗai na ce mata, "Wai gidan ga nawa na ko nata?" Ta ce, "Naka na, malam. Amma ka mai da turmin." Tana faɗa tana danne dariya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya biyo baya. Masaƙi kan naɗe abin da ya saƙa ya koma da shi gida kullum da yamma. Ranar nan ina shigowa sai na ji ta ce, "Akuya, an ce gidan ga gidan masu saƙi na. Mu dai ba mu taɓa taɓawa ba." Dole na miƙa wa matata naɗin, ta kai mata. Na durƙusa daga nesa ina jin yadin yana shuu a hannunta.

"Nan zare guda ya tsinke ba a ɗaura ba. Ga wani. Nan kau biyu sunka shiga haƙori guda. Akuya, wagga saƙa ta ko raga ta? Da mun sani da mun kai ma mutanen Kalgo su kama kihi."

Yadin nan na duba shi a tsakiyar rana, taƙi-taƙi, ban ga komai ba, ga tsohuwa ta zaƙulo kuskure uku da magariba ta kawo kai. Tun daga ranar ba abin da nake tsoro a duniya kamar idon surukata. Kullum sai ta karɓi saƙar, kullum sai ta samu abin gaya wa akuya, ni kuwa ina jiran ranar da za ta faɗi abin da ke bayan kurakuran, matan unguwa su ji, magana ta kai rumfa.

Ba ta faɗa ba. Abin da ta yi, a ganina na lokacin, ya fi faɗar muni. Ta gaya wa akuya cewa abin kunya ne a ce tana zaune a gida da mazarinta, suruki yana yawon sayen zare a waje. Ta tura matata ta sallami matan da ke yi mini kaɗi, ta ce daga yau ita za ta ɗauki nauyin zarena. Na ce to, ko banza an san ta da iya kaɗi. Da aka kawo mini na farko sai na ga abawa, mai kaurin da za a ɗaure kaza da ita. Na biyu ma haka. Na aika da ladabi cewa arafiya nake aiki da ita. Amsa ta zo ta bakin akuya: wanda ya raina zaren surukarsa, ya fito fili ya faɗa.

Wa zai fito? Na tono tsohon masefin mahaifina mai faɗin haƙora, wanda ake buga zare da shi a masaƙa, na yi wadari da zarenta, na hau saƙa gwado, farin bargon nan mai kauri da a da nake cewa aikin masu koyo ne. Maƙwabcina a rumfa, wani dogon mutum mai bakin tsiya, ya leƙo ya ce, "A'a! Sarkin saƙi, yau kuma shanu za a yi ma riga?" Rumfa ta kwashe da dariya. Na yi kwana uku ban yi wa kowa magana ba.

Amma ga abin da ban gaya wa kowa ba: ina ganin zaren. In ya tsinke ina ganin bakinsa. Rabon da in koma gida ba ciwon kai shekara biyu ke nan, sai a makon nan. Da sanyi ya shigo kuma, wani tsohon Bafillace daga rugagen wajen Dalijan ya tsaya, ya ja gwadon iya ƙarfinsa, ya ɗaga shi sama ya ga rana ba ta ratsa shi, ya saya. Kasuwa ta zagayo ya dawo da 'yan'uwansa. Nono da man shanu suka yawaita a gidana. Ban gode mata ba. Na ce mugunta ta nufa, Allah ya juya ta.

Da na tsaya nan da na huta, amma girman kai bai bar ni ba. Wani tsohon maɗinki, abokin mahaifina, ya same ni ya ce zai yi wa ɗansa rigar aure, "amma an ce ka bar saƙi." Kalmar nan ta soke ni. Na ce ƙarya ake yi mini, ya ba ni kwana ashirin. Na nemo rinanniyar arafiya a ɓoye, na riƙa saƙa saƙi a rumfa ina barinsa can, in dawo gida da naɗin gwado don kada a gane. Shuni kuwa yana kama hannu. Nakan wanke da toka, in shigo da hannuwan a cikin riga.

Rana ta tara na shigo na durƙusa, hannuwana a ɓoye ta baya, sai na ji ta ce, "Akuya, yaushe anka hwara saƙa gwado da shuni? Ki ce mishi gobe da hantsi shi kawo abin da shika ɓoyo." Na rantse a ranar na yarda idon matar nan yana ratsa riga.

Da hantsi na kawo. Matata ta miƙa mata, ta koma madafa. Na durƙusa inda na saba, ina kallon yatsan nan karkatacce. Ta fara. Wannan karon ba zolaya, ƙirga kawai take yi, nan, da nan, da nan kuma, har na daina bi. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Akuya, wanga ba shi zuwa gidan kowa. In yat tahi, ba mai shi za a zaga ba, ubanshi da ke kabari za a zaga."

Ambaton mahaifina ne ya kwance mini kai. Na ji wani abu ya taso mini tun daga ciki, haushin turmi, da na abawa, da na tuwon da nake haɗiya a zaure shekara guda. Na ce yau sai dai a ce ba ni da kunya. Na ɗago kai, na buɗe baki, na dube ta.

'Yar ƙaramar tsohuwa na gani, ba ta kai rabin muryarta ba. Fuskarta tana sama, wajen jinkar rumbu, ba ta ko kallon yadin. Yana kan cinyarta, tana jan shi tsakanin babban yatsa da manuni. Idanunta biyu fari fat, yanar ido ta rufe su ruf. Bakina ya tsaya a buɗe. Turmi ya faɗo mini a rai, da dokar kada a gusar da komai, da igiyar akuya. Shekara guda ina gida ɗaya da makauniya ina tsoron idonta, don kawai ni mai ladabi ne.

Ta ji numfashina ya canza. Ta ce, "Akuya, an dube mu." Sannan ta ci gaba, "Shekara ashirin da huɗu bai yi rashin kunya ba sai yau. To, ya gani. Ki hwaɗa mishi nawa sun tahi tun mai gidana na da rai. Na shige ɗaki na yi kuka har na gaji, na ce kaɗi ya ƙare. Da kukan bai kawo komi ba na lalubi mazarina. Ki hwaɗa mishi shuni wari garai, ko an wanke da toka. Kuma tun ranar da na hwara taɓa saƙarshi na san abin da shika ɓoyo, don mai ganin zare ba shi barin irin wagga ɓarna sai in raggo na. Shi kau ba raggo ba na. Girman kai ɗai ya yi mishi yawa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, amma a ƙarƙashinta akwai wani sauƙi, don kayan da na ɗauka ni kaɗai shekara uku yau wani ya kama mini. Na mai da kaina ƙasa, na yi mata tambayar farko da na taɓa yi mata a rayuwata. Na ce, "Inna, to ƙaƙa zan yi?"

Ta tura mini yadin da ƙafa. "Akuya, ki ce shi ruhe idanun banzan nan, tunda ba su da aikin yi. Shi bi bakin yadin da babban yatsa. Inda yaj ji rami, zare ya ɓace." Na rufe ido na bi. Ban yi nisa ba yatsana ya faɗa wani ɗan gurbi da ban taɓa sanin yana nan ba.

Da na samu matata a madafa na ce, "Kin sani?" Ta ce duk macen da ke unguwar nan ta sani. Na ce me ya hana ta gaya mini? Ta ce, "Ta ce in na hwaɗi ba ta yahe min ba, wai kada suruki shi ji tausayinta. Naka kuma na sani tun ran da ka yi rabin yini da allura a hannu, ka ce maƙeri ya manta bai huda ta ba. Kana tsammani mace mai ɗiya huɗu, don mi anka kawo ta gidan suruki? Ni na aika." Na tsaya ina kallonta. Wannan kam fuskarta na sha gani, amma ashe ita ma ban gama saninta ba.

Washegari na je wurin maɗinkin na gaya masa gaskiya. Tafiyar nan ta fi mini zuwa Kalgo nisa. Ya ce ya lura tun riguna biyu da suka wuce, ya yi shiru don darajar mahaifina. Aikin ya koma hannun dogon maƙwabcina, kuma kafin la'asar rumfa duk ta ji. Abin da na yi shekara uku ina gudu ya faru. An yi mini tsiya kwana bakwai, aka gaji, aka koma kan wani. Gurbina yana nan, gwado yana fita, sai dai saƙi ya bar gidanmu, kuma wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Daga nan karatu ya fara. Kullum bayan fitowar rana, kafin in tafi rumfa, sai in durƙusa ido a rufe, tana can kan tabarma, akuya a tsakaninmu. Takan cakuɗa zare iri uku a ƙwarya ta ce in ware. Takan tsinke arafiya ta jefo mini ta ce in nemo bakin in ɗaura. Ta sa na riƙa shafa alli a yatsu irin na masu kaɗi. Ta hana ni taɓa fartanya, ta sa matata ta riƙa shafa mini man shanu a kan yatsu don kantar da suka yi ta mutu, ni da gemuna. Ta yi saƙar mata a ƙuruciyarta, don haka ta ce in riƙa sauraron masefi, in zare ya tsinke bugunsa yana canzawa. Na ɗauka zancen tsofaffi ne sai da na ji da kunnena.

Kada wani ya ɗauka ta yi laushi. Ko kaɗan. In na ɗaura ƙulli ya warware sai ta ce, "Akuya, ko ke da kohwato kin hi shi." Rijiya ma ba ta bar zancenta ba sai da na yashe ta. Na ci gaba da cin tuwo a zaure, takalmi a hannu, ban kuma sake duban fuskarta ba. Amma yanzu in na ga kara ko dutse a hanyarta nakan ɗauke shi shiru, in kuma ta ji ni sai ta gaya wa akuya cewa wasu mutane ba su da aikin yi.

Shekara da rabi muna haka, sannan aka aiko daga Kalgo cewa ɗaki ya samu. Ta hau jakinta ba ta ce mini komai ba, sai dai ta gaya wa akuya ta yi ban kwana da dusar gidan rowa. Gida ya yi tsit. Na ci tuwo a tsakar gida na miƙe ƙafa. Na mirgina turmi zuwa inuwa, na tsaya na dube shi, na mayar da shi inda yake.

Bayan damina wani mai jaki ya kawo mini ƙunshi daga wurinta. Na kwance na sa hannu. Farar arafiya ce, wadda ban taɓa taɓa mai sirantarta ba, sumul daga farko har ƙarshe. Matata ta ce a gidanmu ta kaɗa ta, kaɗan-kaɗan, tana ɓoyewa a ƙarƙashin abawar da take ba ni. Saƙon da ya biyo ƙunshin gajere ne: likkafaninta take so in saƙa, in kuma kai mata ta duba tun tana da rai, kada a rufe ta da ragar kifi.

Wata biyu na yi a kansa. Rabon da in sa arafiya a masaƙa tun ranar da na dube ta. Na koma da masaƙata cikin rumfa inda mahaifina yake zama, don hasken bakin rumfa ba ya ƙara mini komai. Ƙoshiya mai ɗauke da zare tana wucewa ina sauraro, yatsana yana bin baya. Dogon maƙwabcina ya ce in ina so ya duba mini kafin in kai, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Na gode masa na ce a'a. In akwai kuskure, gara ta same shi a hannuna.

Muka tafi ni da matata, muka iso Kalgo shinkafa tana nuna a fadama. Na tuɓe takalmi na durƙusa a ƙofar sabon ɗakin. Ƙafafun sun rame, tabon nan ya fito sosai. Matata ta ɗora mata yadin a cinya, ta raɗa mini cewa akuyar ta mutu da damina.

Tun hantsi take jan yadin nan har aka kira azahar. Akwai wurin da ta wuce ta dawo, ta sake wucewa ta sake dawowa. Da ta kai ƙarshe ta ninke shi, ta dafa.

"Ke aku..." Ta tsaya. Na ga hannunta ya sauko ƙasa yana laluben igiya, bai samu ba, ya koma kan yadin.

"To, babu akuya. Dole in hwaɗa ma da bakina. Ɗana, ban samu komi ba. Na nema, walle na nema ƙwarai. Allah shi yi ma albarka." Ta ja numfashi. "Tashi ka tahi zaure a ba ka abinci, cikinka ya dame ni da kuka tun ɗazu."

Na fita zaure na ci tuwon shinkafa da miyar kifi, hawaye yana ɗiga a ciki, ban bar ko loma ba.

Ta rasu bayan girbi, a cikin yadin nan aka rufe ta. Maɗinkin da na mayar wa aiki ya ji labari, ya kawo mini aikin saƙi da kansa, na yi masa a hankali, ya karɓa bai ce komai ba sai sambarka. Na ƙara shekaru masu yawa a gurbin mahaifina, ban taɓa zama a gefen rumfa ana jefa mini goro ba. Wannan daga Allah ne, ta hannun matata da ta aika Kalgo, da tsohuwar da ta zage ni shekara biyu da rabi har na koyi gani da yatsa. Na gode musu, kuma ina baƙin cikin ban iya faɗa mata da kyau ba, don a ranar "To, Inna" kawai bakina ya iya. Har yau in na gama saƙa nakan rufe ido in bi ta da babban yatsa, in na faɗa rami sai in ji muryarta tana kai ƙarata wurin akuya. Sai in warware in sake, in yi mata addu'a. Allah ya haskaka kabarinta.